Jakin da Ba Ya Kwanciya

Wata safiya a ƙarshen rani, a hanyar burjin da ke bin gefen kanal a bayan Kadawa, na tarar da tarakta tsaye da tirela a bayanta, mutum biyar ko shida sun kewaye ta. Yashi ta ɗauko, na ginin ɗan ɗakin ajiya da wani manomi ke son tayarwa a bakin gonarsa kafin ruwa ya sauka. An iso, an yi ribas, an zare sakatar ƙofar baya. Direba ya ja hannun jak. Injin ya ɗauki gurnani, tiyon mai ya miƙe ya sandare, bodin ya ɗaga kamar taƙi guda, ya tsaya cak. Ya saki, ya ƙara wuta, ya sake ja. Sai wani siririn kuka ya riƙa fitowa daga ƙarƙashin kujerarsa, bodin kuwa ko yatsa bai ƙara ba. Ruwa na ta ɗiga daga kusurwar tirelar, shaidar cewa daga cikin kogi aka kwaso yashin da asubar nan.

Yaron motar ya ce, "Oga, mu ɗan ja gaba ka taka birki da ƙarfi mana, ko ya girgiza ya zubo." Wani dattijo da ke ban ruwan albasa a fangalin da ke kusa ya jingina fartanyarsa, ya dubi tayoyin da suka baje har gefensu na neman taɓa ƙasa, ya ce wa direban, "Ɗana, rage mata. Da jaki ne, ai tun a bakin kogi zai kwanta muku."

Abin da aka yi ke nan daga ƙarshe. Aka aro shebur biyu, samari suka hau, suka riƙa kwashe yashin daga can gaban bodi suna watsowa ƙasa. Sai da rana ta take kafin direba ya sake gwadawa, bodin ya tashi a hankali, sauran yashin ya sulale. An yi sa'a ba abin da ya fashe, ba wanda ya ji ciwo. Wunin dai ya riga ya tafi.

Maganar dattijon nan ta bi ni har gida. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano kafin a-kori-kura da babur mai ƙafa uku su cika hanya ya san lokacin kai taki gona. A ɗora akumari, a shimfiɗa mangala, a cika ɓarin dama, a cika na hagu, yaro ya kora. Ba a taɓa ba yaron nan sikeli ba, amma ya san in ɓari ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa mangala za ta zame tun ba a fita gari ba. Ya san in kaya ya yi yawa jaki zai turje, ya ware ƙafafu, ya kwanta a tsakiyar hanya, kuma duka ba ya tayar da shi sai an sauke. Ya kuma san cewa mangalar busasshen takin awaki daban take da mangalar jiƙaƙƙiyar ƙasar gini, ko da ido ya ga cikarsu ɗaya. Jakin ne ya koya masa wannan, da kunnuwansa da gwiwoyinsa. Addini ma ya tsaya wa dabbar: malamai na karanta mana labarin raƙumin wani mutumin Madina da ya zubar da hawaye da ya ga Manzon Allah (SAW), aka kira mai shi aka ja masa kunne a kan yunwa da wahalar da yake ba shi. Saboda haka a ƙauye wanda ke labta wa jakinsa kaya fiye da kima ba ya rasa mai yi masa faɗa, ko da kuwa jakin nasa ne.

Tirela ba ta da wannan gata. Ba ta turjewa a bakin kogi. Duk abin da aka zuba mata za ta karɓa, ta biyo ka da shi shiru, sai a wurin da ya fi muni ta nuna ta gaji: a kan kwalbati, ko a gangaren gada, ko lokacin da bodi ke tsaye sama da kaya.

A ganina tushen abin yana cikin yadda muke awo. Mu mutanen tiya ne da mudu. Gero da tiya, tumatir da kwando a Kwanar Gafan, shanshera da buhu a Kura, yashi da "tifa ɗaya", taki da "sawu ɗaya". Duk ma'aunin cika ne, ido ke yanke hukunci. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 da tan yake lissafi, tan 1,200 a rana in yana aiki da cikakken ƙarfinsa, alhali manomin da gonarsa ke jikin katangar kamfanin da kwando yake nasa lissafin. Kuma a wurinmu awon da bai yi tozo ba tauyayye ne. Uwargida ta aiki yaro sayen dawa, in ya dawo ya ce an shafe masa bakin tiya, sai ta ce an cuce shi, kuma gaskiyarta ce. Wannan tarbiyya ce mai kyau a kasuwar hatsi, tunda tauye mudu laifi ne babba wurin Allah. Matsalar ita ce da wannan idon muke zuwa bakin kogin Challawa a Tamburawa, mu tsaya a kan masu lodi muna cewa a ƙara, bai yi tozo ba.

Alhali ko a tsakar gida mun san cika daban, nauyi daban. Yarinya za ta ɗauki ƙwarya cike da dusa da hannu ɗaya tana tafe tana hira. Ƙwaryar nan in aka cika ta da jiƙaƙƙen yashin wanke tukunya, sai an naɗa mata gammo, an kama mata, wataƙila ma ƙwaryar ta tsage a hannun mai kamawa.

Bari mu sa lamba a kai, don abin ya fita daga zato. Ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. In ka cika shi da ruwa ya ci jarka 40 irin ta 'yan garuwa mai lita 25, nauyinsa tan ɗaya ke nan, daidai da buhun siminti 20. In shanshera ka zuba, nauyin bai fi rabin tan da ɗan ɗoriya ba. Busasshen yashi ya haura tan ɗaya da rabi. Jiƙaƙƙen yashi, irin wanda ke ɗigar ruwa, ya kusa tan biyu. To, a ce tirelar tarakta ce mai tsawon mita 4, faɗin mita 2, zurfin rabin mita, wadda aka ƙera don tan 5. Akwati huɗu ke nan take ci. Da shanshera a shafe, tan biyu da 'yan kai ne a kanta, ko rabin ƙarfinta ba a kai ba. Da busasshen yashi ta haura tan 6. Da jiƙaƙƙe ta doshi tan 8, tun ba a yi tozo ba. Tirela ɗaya, cika ɗaya, direba ɗaya, amma kayan jiya da na yau sun bambanta fiye da ninki uku.

Akwai kuma wani abu da na sha gani a wannan yanki, wanda ke ƙara dagula lissafin. Lokacin girbin shinkafa, tunda kayan ba shi da nauyi sosai, sai a kai tirela wurin mai walda ya ƙara mata tsayi, ko a kakkafa katako a gefe. Dabara ce mai ma'ana, don ko an ninka zurfin bodin, shansherar ba za ta wuce tan 5 ba. Kaka ta wuce, rani ya shigo, aikin gini ya buɗe, sai a manta a cire katakon. Masu lodi kuma ba su san wata iyaka ba sai baki. Tirelar tan 5 ta tashi da abin da ya kusa tan 15. Kamar a ɗinka wa jaki mangalar ɗaukar ƙaiƙayi ne, sannan a cika ta da marmara.

Ba wai ƙarfe ba ya magana sam ba. Yana yi, da nasa harshen, mu ne ba mu koye shi kamar yadda muka koyi na jaki ba. Taya ta baje ta yi ciki. Sifirin da ya kamata ya lanƙwasa kamar baka ya miƙe sambal. Tarakta ba ta tashi sai da baƙin hayaƙi da warin kuloci. Sitiyari ya yi sakayau a hannu don ƙafafun gaba sun kusa barin ƙasa. Siririn kukan nan da muka ji a ƙarƙashin kujerar direba kuwa, shi ne kwanciyar jakin. A cikin na'urar da ke tura mai zuwa jak akwai wani ɗan bawul, aikinsa shi ne in matsin man ya kai iyakar da aka yanka masa ya buɗe, man ya koma inda ya fito maimakon ya fasa wani abu. Duk mai ban ruwa ya san wannan: in fangali ya cika sai ka buɗe masa baki ruwan ya wuce na gaba, in ka ƙi, kunya ce za ta fashe. Abin da ke ba ni tsoro shi ne akwai bakaniken da in an kawo masa ƙorafin jak ba ya ɗagawa, sai ya ɗaure bawul ɗin nan tamau, ya ce an gama. Jak zai ɗaga, babu shakka. Amma an toshe bakin fangali ke nan, kuma ruwan zai nemi mafita: ko tiyo ya fashe, ko robar jak ta tsage, ko famfon ya mutu. Ba ya zaɓar lokaci mai daɗi, yawanci sai kaya na sama. Man da ke tsartuwa daga ɗan ƙaramin huji a irin wannan matsi yana iya huda fata ya shiga tsoka, shi ya sa ba a laluben yoyon tiyo da tafin hannu.

Dalilin da ya sa samarin nan suka fara kwashe yashin daga gaba, duk wanda ya taɓa tura baro ya san shi. In ka tara kaya wajen hannu, kai ke ɗauka. In ka matsar da shi kan taya, taya ke ɗauka. Bodin da ke juyewa a baya yake da maƙalarsa, kamar ƙyauren da aka kwantar, don haka yashin da ke can gaba, nesa da maƙalar, shi ya fi danne jak. Kuma farkon ɗagawa ne mafi wuya, kamar yadda mai ɗaukar tulu ta fi shan wahala tsakanin ƙasa da gwiwa. In ya kai kafaɗa sauran da sauƙi. Shebur ɗari daga gaba ya fi shebur ɗari biyu daga baya amfani.

Wannan fa wajen saukewa ne. Wajen lodi, kada wani ya ji haka ya ce to a tura komai baya. Masu amalanke sun san abin da ke biyo baya. In kaya ya yi baya da yawa, karkiya na tashi sama ta shaƙe wuyan shanu, su kasa samun ƙarfin ja. In ya yi gaba da yawa, ta danne su har su durƙusa. Tirela mai aksil ɗaya, wato ƙarfe ɗaya da ke riƙe da tayoyinta, haka take da tarakta. Kaya ya yi baya, wuyan tirela ya riƙa ɗaga bayan tarakta, manyan tayoyin da su ke ja kuma su ke riƙe da birki su rasa kamun ƙasa. Ya yi gaba fiye da kima, gaban tarakta ya yi sama. Abin da ake so shi ne a baje kayan, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan, dama da hagu kuma su zo daidai kamar ɓari biyu na mangala. Mai amalanke kafin ya ɗaura wa shanu yakan ɗaga itacen gaba da hannunsa ya ji nauyinsa. Mai tirela ba zai iya haka ba, dole ya tsaya a kan lodin tun daga shebur na farko, maimakon ya tafi shan shayi ya dawo ya tarar an gama.

Hawa ba shi ne abin tsoro ba. In kaya ya fi ƙarfin inji a hawa, mafi yawanci tsayawa zai yi. Gangare ne ke kisa. Ku dubi ɗan garuwa da kurarsa mai jarka goma, kilo 250 na ruwa: a hawa yana nishi yana turawa, amma a gangare za ka ga ya jingina baya, ya kafa dugadugansa, kurar na jan sa, idonsa ya raina fata in yaro ya gitta. Tarakta irin Massey Ferguson 375 da ta cika gonakinmu nauyinta bai wuce tan 3 ba, kuma da yawa daga tirelolin da ake ƙerawa a garejin walda ba su da birkin kansu. Ka ɗaura mata tan 8 a baya, ka sa ta a gangare, ka ba ƙaramin yaro igiyar bajimin sa ke nan. Tirela ce za ta riƙa turo ta, in direba ya danne birki sai ta naɗe ta gefe guda. A kan gaɓar kanal kuwa, ruwa ne a hannu ɗaya, kwari a ɗaya hannun. Tsofaffin direbobi kan ce da giyar da ka hau da ita za ka sauka, kuma tun kafin a fara gangarawa ake sa ta. Sakin mota firi don tsimin mai da irin wannan kaya ganganci ne. Haka barin fedar birkin dama da ta hagu a rabe: a gona ana raba su don juyawa, a hanya dole a haɗe su da sakatarsu, in ba haka ba taka ɗaya zai murɗe tarakta. Su kuwa yaran da ke ɗarewa kan wuyan tirela ko kan tulin yashi don rage hanya, ban san dalilin da zai sa babba ya gani ya yi shiru ba.

Shawarar da yaron motar ya kawo, ta a ja gaba a taka birki, ita ce ta fi yawa a bakin mutane, kuma ita ta fi kayar da tifa. Mai tallan nono da ta jera ƙwarya uku a ka ta san cewa tuntuɓen da ba zai yi mata komai ba in kanta ba kaya, yanzu ya isa ya zubar da komai. Bodi in ya miƙe sama, nauyin ya koma can ƙololuwa. Jiƙaƙƙen yashi da ɗanyen taki suna da halin maƙalewa, wani lokaci ɓari ɗaya ya zube ɗaya ya ƙi. In a wannan hali taya ɗaya ta ɗan nutse a laushin gaɓa, ko aka fizgi motar, jak na iya lanƙwashewa ko duk abin ya kife a gefe. Wurin juyewa sai ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, kan mota da tirela a miƙe layi ɗaya, ƙofar baya a buɗe tun kafin a ɗaga, a kuma ɗaga kai a dubi wayar wuta. In kaya ya maƙale, a sauke bodi ƙasa tukuna sannan a hau da shebur. Kuma kada kowa, ko bakanike ne, ya sa kansa ƙarƙashin bodin da ke sama ba tare da an tokare shi da ƙarfe ko kututture mai ƙwari ba. Mai ne kawai ke riƙe da shi, kuma in tiyo ya saki, ba ya saukowa a hankali.

Har yanzu asarar mai mota da ta direba nake lissafawa. Akwai wadda ta fi su, kuma ba ta da mai kuka a kanta nan take. Duk arzikin Garun Malam da Kura da Bunkure, shinkafar damina da alkama da tumatir da albasa da masarar rani, a kan ruwan Dam ɗin Tiga yake, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da kanal-kanal ɗin da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su tun bayan kafa ta a 1976. A 'yan shekarun nan an yi musu babban gyara ƙarƙashin shirin TRIMING, da rancen Bankin Duniya, bayan shekaru na ciyawa da yashi da fashewa. Rance kuwa biya ake yi. Hanyoyin da ke bin gefen kanal ɗin nan an yi su ne don ma'aikatan ruwa da manomi da kayan gonarsa. Taya mai nauyin da ya wuce kima in ta bi ta bakin gaɓa tana tura ƙasar ciki, simintin jikin kanal ya tsage, ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashi. Kwalbati in ya rufta, wanda ke can ƙarshen layin ruwa, wanda dama shi ke samu a ƙarshe, shi zai kwana yana jiran ruwan da ba zai zo ba, alkamarsa na fitar da kai.

Kuma ɓarnar ba a hankali take ƙaruwa ba. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Ilinoi ta Amurka sun riƙa zagaya wasu hanyoyin gwaji da suka shimfiɗa, da manyan motoci masu nauyi daban-daban suna auna lalacewar. Abin da ya fito daga gwajin, wanda har yau masu zanen titi ke aiki da shi, shi ne in ka ninka nauyin da ke kan aksil sau biyu, ɓarnar da yake wa titi na ninkuwa kamar sau 16. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari kacal, abin da mai lodi zai kira ɗan gyara, yana ninka ɓarnar sau biyu. Matan gida sun san irin wannan lissafi a jikin igiyar shanya: riguna goma a jere ba sa yi mata komai shekara da shekaru, amma jiƙaƙƙen bargo ɗaya a tsakiya ya isa ya tsinke ta. Wannan a kan kwalta ke nan. Burjin da ya sha ruwa ba ya buƙatar sawu da yawa.

Doka ta san da haka. Ƙasashen ECOWAS sun amince tun 2012 cewa aksil ɗaya mai jan mota kada ya ɗauki fiye da tan 11.5, buhun siminti 230 ke nan, Najeriya kuma ta fitar da nata ƙa'idojin a kan manyan hanyoyin tarayya a 2018. A titin Kano zuwa Zariya, wanda aka sake ginawa aka buɗe a 2023, akwai jami'an kiyaye haɗurra da 'yan KAROTA da za su iya tsayar da mota. A hanyar bayan Kadawa babu kowa, daga kai sai dattijo mai ban ruwa.

Ba na son in ɗora wa direba laifin duka, don na san yadda kuɗin ke tafiya. Da sawu ake biya. Mai sayen yashi yana son tozo don kuɗin sawu ɗaya ya bayar. Mai mota yana jiran balas da yamma. Tun da man gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, kowane sawu da aka rage riba ce da ake gani a hannu, shi kuwa sifirin da zai karye bayan wata biyu, da tayar da za ta fashe don zafi, ba a ganin su yau. Direban da ya ce zai ɗauki daidai kima, gobe wani za a kira. Irin wannan lissafin ne ke sa a jibga kwandunan tumatir kan juna a Kwanar Gafan har na ƙasa ya matse, mota ta kama hanyar Legas jan ruwa na bin ta a baya. An biya kuɗin mota don a kai tumatir, wani kaso ya tsiyaye a titi. Akwatunan roba masu cin kilo 25 da aka fara kawowa sun rage wannan, don akwati ke ɗaukar nauyin akwati, tumatir ya huta. Abin da akwatin ya yi shi ne ya fitar da iyakar daga bakin mutum ya mayar da ita jikin ma'auni, ba sai an yi musu ba.

Masu jiragen ruwa sun daɗe da gano wannan. A Ingila an yi zamanin da ake labta wa jirage kaya har su nutse da matuƙansu, sai da wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutika aka yi dokar 1876 da ta tilasta a zana layi a jikin jirgi: in ruwa ya rufe layin, kaya ya yi yawa, kowa na gani daga bakin gaɓa. Daga baya ma layin ya zama hawa-hawa, na ruwan daɗi daban, na ruwan gishiri daban, na lokacin sanyi daban. Mu a Kano mun ɗanɗana rashin irin wannan layi ranar 30 ga Nuwamba 2021, da kwalekwalen da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife da ɗaliban Islamiyya, fiye da mutum 20 suka rasu, hukumomi kuma suka danganta abin da yawan lodi. Allah Ya jiƙan su.

Gwangwanin fenti ɗaya ya isa a yi wa kowace tirela a Garun Malam nata layin, a cikin bodi, inda mai shebur zai gani. Layi na sama na taki da shanshera, na tsakiya na busasshen yashi da marmara, na ƙasa na jiƙaƙƙe. A tirelar misalinmu, mai zurfin rabin mita, layin jiƙaƙƙen yashi zai zauna kamar taƙi guda ƙasa da baki. In ƙungiyar masu tifa da ta masu tarakta da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na kowane yanki suka zauna suka amince cewa "sawu ɗaya" na nufin zuwa layi, kuma farashi a kan haka yake, to direba ya samu abin nunawa in Alhaji mai sayen yashi ya ce a ƙara, Alhaji kuma ya san ba a tauye masa mudu ba. Sarkin kasuwa ya saba raba gardama da tiyar da kowa ya yarda da ita. Yashi ne kawai muka bari ba tiya.

Na sake bin hanyar nan bayan ruwan farko. Ɗakin ajiyar ya tashi har an yi rufi. A daidai inda tirelar ta tsaya, sawun tayoyinta biyu sun zama kwari mai kai wa ƙauri, ruwa kwance a ciki, gefen gaɓar ya ɗan zame wajen kanal. Masu babur da buhunan taki a baya sun riga sun fitar da sabuwar hanya don kauce wa ramin, ta kan kunyar gonar dattijon nan mai albasa.